Kafin ka sayi tikitin A+, ka fara buɗe kwamfuta

Ɗan yayata ya same ni a shago bayan sallar La'asar, ya jawo benci ya zauna, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba mini wannan." Saƙo ne daga wani zauren WhatsApp. Wani yana tallar tambayoyin jarrabawar CompTIA A+ tare da amsoshinsu, wai na ainihi ne, wai duk wanda ya haddace su cikin mako biyu ya gama da jarrabawa. Yaron ya kammala difloma, ya shekara a gida ba aiki, mahaifiyarsa kuwa ta riga ta yi masa alkawarin za ta ɗaga abin da za ta ɗaga a ɗakinta ta biya masa kuɗin.

Na tambaye shi ko ya taɓa cire ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, daga cikin kwamfuta ya mayar da hannunsa. Ya sunkuyar da kai. Ya ce a makaranta an zana musu a allo, an kuma nuna musu hoto.

Tun ranar maganar take cina, domin ba shi kaɗai ba ne. Samari da 'yan mata da yawa suna jin sunan wannan kwali, ana gaya musu shi ne ƙofar shiga aikin kwamfuta, sai su ɗauka abin da ake nema shi ne takardar. Ni a ganina, bayan shekarun da na yi ina sana'ar gyaran kwamfuta, amfanin A+ yana cikin shirin da mutum zai yi mata, kuma wannan shirin kusan kyauta ne. Takardar ce mai tsada. Wanda ya sayi mai tsadar ya tsallake na kyautar ya yi asarar kuɗin uwarsa.

Ga wanda bai san ta ba, A+ jarrabawa ce ta masu fara aikin gyaran kwamfuta da kula da ita, wadda ƙungiyar CompTIA ta Amurka ta fito da ita tun 1993. Ba ta wani kamfani ɗaya ba ce, wato ba a keɓe ta ga kayan HP ko Dell ko Microsoft ba. Kashi biyu ce, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka shaidar. Na farko ya shafi kayan cikin kwamfuta, wayoyin hannu da laftof, haɗa netwok, firinta da gano matsalarsu. Na biyu ya shafi manhajojin da ke tafiyar da na'ura irin su Windows da Linux da macOS, tsaro, matsalolin manhaja, da ladubban aiki. Kowane kashi minti 90 ne, tambayoyi ba sa wuce 90. Ana neman maki 675 cikin 900 a na farko, 700 cikin 900 a na biyu. Daga lokaci zuwa lokaci ana sabunta ta. Wadda ake yi yanzu lambobinta 220-1201 da 220-1202, sun fito a 2025 suka maye gurbin 220-1101 da 220-1102. Na ambaci lambobin ne saboda har gobe akwai masu sayar wa yara littattafai da bidiyon tsohon zubi, kuma ba a yarda ka ci kashi ɗaya a tsoho ka haɗa da ɗaya a sabo ba.

Sai kuɗi, inda gizo ke saƙar. A farashin Amurka kowane kashi ya haura dala 250, biyun sun haura dala 500. Idan dala tana kan naira 1,500, ana maganar sama da naira dubu 750 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ka ga albashin fiye da wata goma ke nan na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Ko an sami rangwame ta hannun wata cibiyar koyarwa, kuɗin ba na wasa ba ne. Idan kuma ka faɗi, ba a mayar maka da ko kwabo, sabon tikiti za ka saya. Bayan duk wannan, shaidar shekara uku take yi, sai an sabunta ta.

To wannan tsoron faɗuwa shi ne jarin masu sayar da tambayoyin sata. Sun san yaro ba shi da damar gwadawa sau biyu, sai su zo masa da gajeriyar hanya. Abin da ba sa gaya masa shi ne, CompTIA ta haramta amfani da irin waɗannan tambayoyi, tana iya soke shaidar wanda ta kama ta kuma hana shi sake zama. Ba sa gaya masa cewa amsoshin da ke ciki da yawa kuskure ne, domin wanda ya tattara su shi ma daga ka ya rubuto bayan ya fito. Ba sa kuma gaya masa cewa a cikin jarrabawar akwai tambayoyin aiki, inda za a buɗe maka kwaikwayon na'ura a allo a ce ka saita wannan, ka gyara wancan, ka jera waɗannan yadda ya dace. Haddar aku ba ta yi a nan.

Amma mu ɗauka ya tsallake, bai faɗi ba, ba a kama shi ba. Ranar farko da aka ɗauke shi aiki a wata makaranta ko asibiti, sakatariya za ta kira shi ta ce firinta tana fitar da rubutu amma da an shafa da yatsa sai ya goge. Wanda ya yi karatun gaske ya san firintar leza tana bin matakai ne, ya san akwai sashen da ke gasa garin tawada da zafi ya manne shi a jikin takarda, nan zai fara dubawa. Wanda ya haddace cewa amsar tambaya ta arba'in ita ce C zai tsaya yana kallon firinta, sakatariya tana kallonsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a ya fi ko'ina ƙurewa, domin na'ura ba ta jin kunyar kowa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, idan irin wannan yaro ya kunyata, ba kansa kaɗai ya ɓata ba. Gobe wani mai gaskiya zai zo da kwali iri ɗaya, shugaban ma'aikata ya ce ai mun ga irinku.

Kada a ɗauka ina nufin mu 'yan kasuwa mun fi ƙarfin karatun. A nan ne ma nake son in daɗe, domin laifin ɓangarenmu ya fi ɓoyuwa.

Duk wanda ya shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, zai ga yara masu hannu na ban mamaki. Yaron da bai gama sakandare ba zai ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga jikin madabod, babban allon da duk kayan cikin na'ura ke jone da shi, ya dasa wata, abin da A+ ba ta ma koyar da shi, domin a ƙasar da aka tsara ta idan madabod ya mutu sauya shi ake yi. Wannan baiwa ce, kuma ina alfahari da ita. Sai dai mafi yawanmu mun koyi aikin ne da kallo. Oga ya yi kaza, na'ura ta tashi, kai ma ka yi kaza. Ba a gaya maka dalili ba, wataƙila shi ma ogan ba a gaya masa ba. Shi ya sa maganin kowace cuta a wurin wasu shi ne fomatin, wato a goge komai a zuba sabo. Kwamfuta tana nauyi, a yi fomatin. Tana kashe kanta, a yi fomatin, alhali ƙura ce ta toshe fanka furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, yake ɗaukar zafi.

Ni kaina na yi wannan, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. A shekarata ta biyu a shagon maigidana, wata baiwar Allah ta kawo laftof ɗinta ba ya shiga Windows. Ban tambaye ta me ke ciki ba. Ban tambaye ta me ya faru kafin ya daina tashi ba. Na goge komai na zuba sabo, na miƙa mata ina jiran godiya. Ta buɗe tana neman rubutun binciken digirinta na biyu, aikin shekara biyu, babu kwafinsa a ko'ina. Ta zauna a bakin shago tana kuka, mu duka muka rasa inda za mu sa kanmu. An yi ƙoƙari an ceto wani abu daga ciki, amma ba duka ba. Shekaru bayan haka, da na ɗauki littafin A+, sai na tarar abu na farko da ake koya wa mai gyara shi ne ya yi wa mai na'ura tambayoyi, ya gano abin da ya sauya kwanan nan, ya kwafe bayanan mutum ya ajiye kafin ya taɓa komai. Da an karanta mini wannan shafi ɗaya a ranar da na fara zuwa shago, da matar nan ba ta yi kuka ba.

Tsarin gano matsalar da ake koyarwa a wannan karatu mataki shida ne, kuma babu wani sihiri a ciki. Ka tantance mece ce matsalar, ka yi hasashen abin da ya fi yiwuwa ya jawo ta, kana farawa da mai sauƙi. Ka gwada hasashen, idan bai tabbata ba ka koma ka yi wani. Idan ya tabbata ka tsara gyara ka aiwatar, ka duba ko komai ya dawo daidai, sannan ka rubuta abin da ka gani da abin da ka yi. Wannan na ƙarshen, rubutawa, shi ne wanda ban taɓa ganin ana yi a kasuwa ba, kuma shi ne ya raba mai gyara da ma'aikata za ta iya dogara da shi da wanda duk iliminsa yana tafiya tare da shi ranar da ya bar aiki.

Akwai abubuwan da yara suke gani a littafin su ce na Turawa ne, alhali mu suka fi shafa. Ɗauki maganar lantarkin jiki, wannan tartsatsin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota. Yana ƙaruwa ne idan iska ta bushe, kuma ina ne iska ta fi bushewa kamar arewa a lokacin hunturu? Mutum ba ya jin sa sai ƙarfinsa ya kai wajen bolt 3,000 a ma'aunin lantarki, amma abin da bai kai haka ba nesa ba kusa ba yana iya illata ram ko madabod. Mu kuwa a kan darduma muke baje kaya, muna sanye da rigar sanyi, muna kama ram ta bakin zinarenta. Bayan wata biyu na'ura ta fara gardama, mu ce kayan ne jabu. Ko ɗauki maganar wuta. Amurka tana kan bolt 120, mu muna kan 230. Tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo wasunsu suna da ɗan jan makunni a bayan fawa-fak, akwatin da ke ba na'urar wuta, mai zaɓi tsakanin 115 da 230. Na ga an jona irin wannan yana kan 115 ba a duba ba, ƙara ɗaya aka ji sai hayaƙi.

Haka batun netwok. Tun daga 2015 da JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, cibiyoyin jarrabawa suka bazu a garuruwanmu, kowace da ɗaruruwan na'urori a jone da saba guda, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Wannan aiki ne na gaske da ke neman masu gyara a gida, ba sai an je Legas ba. A irin wannan ɗaki, idan na'ura ɗaya ta ƙi ganin saba, wanda ya yi karatu zai duba lambar adireshinta. Da ya ga ta fara da 169.254 ya san na'urar ba ta sami mai raba adireshi ba ne ta ba kanta, sai ya bi waya da abin da ta jonu da shi. Minti biyu. Wanda bai sani ba zai yi ta kashewa yana kunnawa, ɗalibi yana zaune lokacinsa na tafiya.

Sashen da ya fi taɓa ni kuwa shi ne na ladubban aiki, wanda masu shiri suka fi rainawa. A ciki ake maganar yadda za ka yi da bayanan sirrin mutane da ka gani a na'urarsu. Mu da muka tashi da sanin nauyin amana bai kamata a ce sai wata ƙungiya a Amurka ta tuna mana ba, amma kowa ya san abin da ke faruwa. Mace ta kai waya ko laftof gyara, ta ba da kalmar sirri domin a gwada, yaran shago su taru suna buɗe hotunanta. Aure ya mutu ta wannan hanya. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, sai dai doka ba ta shiga cikin shago ta tsaya a kan yaro. Tarbiyyar oga ce take yi.

Saboda haka abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne ya ajiye maganar tikiti tukuna. Jerin duk abin da za a tambaya, CompTIA ta sa shi a shafinta kyauta, kowa na iya saukewa. Na sa ya buga shi a takarda. Akwai darussan Professor Messer a YouTube da suka bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, su ma kyauta, kuɗin data kawai. Na ba shi wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ƙarƙashin kanta, na ce ya warware ta har sai babu abin da ya rage a cikin akwatin, ya faɗa mini sunan kowane abu da aikinsa, sannan ya mayar ta tashi. Sharaɗin da na kafa masa ɗaya ne: duk layin da ya karanta a jerin, ba zai sa masa alamar ya gama ba sai ya yi shi da hannu, in dai abin da ake iya yi ne. Idan ya karanta jerin launukan wayar netwok, ya ɗauki abin matsewa ya haɗa waya goma, mu gwada su. Idan ya karanta Linux, ya zuba VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ya girka shi a ciki, ya lalata, ya sake. Ita kanta CompTIA tana ba da shawarar mutum ya yi kamar shekara guda yana aikin da hannu kafin ya zauna. Masu cewa mako biyu sun fi masu jarrabawar sanin jarrabawarsu ne?

Hadda tana da wurinta, ban hana ba. Lambobin ƙofofin sadarwa, waɗanda bayanai ke bi ta cikinsu a netwok, dole a riƙe su a ka: 22, 53, 80, 443, 3389 da 'yan uwansu, kowace da abin da ke bi ta cikinta. Yaran da suka yi allo ba sa shan wahala a nan. Amma ko a makarantar allo, bayan hadda ai akwai karatun sani.

Akwai wani shinge da ba a cika faɗa ba, Turanci. Ba a yin jarrabawar da Hausa, kuma tambayoyinta dogaye ne, labari ake ba ka sannan a ce wanne ne ya fi dacewa ka fara yi. Sau da yawa amsa biyu daidai ne, ɗaya ce dai ta riga ɗaya. Na san masu gyara da za su warware matsalar cikin minti biyar idan ka ajiye musu na'urar, amma su faɗi saboda kalma ɗaya a cikin tambaya. Maganinsa shi ne a yi karatu a rukuni, a karanta da Turanci a tattauna da Hausa har kowa ya gane, sannan a yawaita gwajin tambayoyi na halal da agogo a gaba. Ranar zama kuma ina ba da shawarar a je cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, da ƙafa. An yarda a yi daga gida ana kallonka ta kyamara, amma wanda ya san halin wutarmu da netwok ɗinmu ba zai ɗora dala 250 a kansu ba.

Wani zai ce, to idan karatun ne mai amfani, me ya sa za a biya kuɗin kwalin ko kaɗan? Tambaya ce mai kyau, kuma ga mutane da yawa amsar ita ce kada su biya. Wanda burinsa ya buɗe shago a unguwarsu, babu mai kawo gyara da zai tambaye shi takarda, gara ya sa kuɗin a mitar gwada wuta mai kyau da kayan aiki da sola. Aikin gwamnati ma digiri da difloma yake kallo. Inda kwalin ke magana shi ne wurin kamfanoni, bankuna, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da aikin tallafa wa masu amfani da kwamfuta daga nesa, inda mai ɗaukar aiki bai san ka ba bai san ogan ka ba, yana neman wata shaida da ya yarda da ita. Wanda ya nufi can, kuma ya shirya har yana cin gwaji a kai a kai, shi ya dace ya biya.

A nan ne nake ganin hukumomi suna da abin yi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, jihohi ma kowace tana da nata shirin koyar da sana'a. Yawancin abin da nake gani shi ne horo na 'yan makonni, a yi taro, a raba takardar halarta wadda babu kamfanin da ya san ta. Da za a ware wani kaso na kuɗin a shiga kasuwanni, a yi wa yaran shago gwaji na gaskiya a kan tebur, waɗanda suka yi fice a saya musu tikitin jarrabawa, da an ga bambanci cikin shekara guda. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Wannan tsari ya kamata ya iso teburin mai gyaran kwamfuta da harshen da yake ji, kuma masu ɗaukar aiki su san da shi, domin ba daidai ba ne a ce hanya ɗaya tilo da yaron Kano zai tabbatar wa duniya ya iya aikinsa sai ya nemo dala. Mu iyayen gida a kasuwa kuma namu ya fi sauƙi. Awa ɗaya a mako, a rufe shago, a ɗauko jerin nan a bi shi da yara. Ba ya cin ko sisi.

Yau wata huɗu ke nan ɗan yayata yana zuwa shago kullum bayan Azahar. Takardar jerin ta yi baƙi da yatsu, ya sa wa fiye da rabi alama. Shekaranjiya wani dattijo ya kawo kwamfutar ofishinsa, ya ce duk safiya sai ta mance kwanan wata da lokaci. Ina daga ciki ina jin su. Yaron ya gaishe shi, ya tambaye shi tun yaushe ta fara, ko ana zare ta daga wuta da dare, ko akwai abin da ba shi da kwafinsa a ciki. Sannan ya taɓa ƙarfen akwatin da hannunsa domin sauke lantarkin jiki kafin ya kai ga madabod, ya ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya ɗora masa mita. Ya leƙo ya ce, "Kawu, CR2032 ne ya mutu, akwai sabo a durowa?" Na ce ya duba ta biyu. Mahaifiyarsa ta kira ni da daddare tana tambaya ko lokacin biyan kuɗin ya yi, na ce mata Yaya a ƙara masa wata uku, kashi na biyu bai nuna ba tukuna.